Kafin ka ƙara sayen rauta, dubi bangon gidanka

Kwanakin baya wani yayana da ke kula da masaukin baƙi mai bene a Agege ya kira ni ransa a ɓace, wai baƙin ɗakunan sama sun dame shi da ƙorafin waifai. Har ya shirya shiga Computer Village da ke Ikeja ya sayo ƙatuwar rauta, wato na'urar raba intanet, mai eriya shida. Na ce, "Yaya, riƙe kuɗinka tukuna, ina zuwa." Da na isa sai na tarar da rautar da yake da ita a ƙarƙashin teburin kanta, tsakanin firji da tulin katan-katan na ruwan roba, sama da ita kuma rufin kankare ne da rodi.

A ganina, yawancin masu irin wannan kuka a Legas ba rauta ta biyu suke buƙata ba. Rauta ayyuka da yawa take yi a akwati ɗaya: ta karɓi intanet daga layin kamfani, ta raba wa kowace waya da kwamfuta lambar adireshinta, ta tsare ƙofa daga masu kutse, sannan ta watsa waifai. Na'urar da masu sana'ar ke kira akses foyin kuwa aikinta ɗaya ne, watsawa kawai. Ana jawo mata waya daga rauta, a kafa ta a inda mutane suke zaune.

To, gidajenmu na nan bulo ne da siminti. Waifai mai zangon 5GHz yana da gudu, amma bango biyu sun isa su karya masa lago. Mai 2.4GHz ya fi ratsa bango, sai dai tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. A gidan haya na Idi-Araba ko Obalende, inda kowane ɗaki da tasa MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai amfani da layin waya, kowa turmutsutsu yake a kan waɗannan ukun. Yawan eriya ba ya maganin wannan. Ko da rautar ta kai muryarta sama, ƙaramar wayar da ke aljihun baƙo ba ta da ƙarfin mayar da amsa ta cikin kankare.

Wayar intanet irin Cat6 tana kai mita 100 ba tare da matsala ba, kuma akwai akses foyin da ke shan wuta ta wannan wayar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake ɗauke wuta babu sallama: ka ɗora komai a kan inbata ɗaya a ƙasa, shi ke nan.

Na san masu cewa jan waya wahala ne, ga mai gida ba ya son a huda masa bango. Gaskiya ne. Mai ɗaki da falo, ko mai shago ɗaya a Mile 12, rauta guda ta ishe shi, ya dai ɗaga ta sama ya fitar da ita daga bayan talabijin. Abin da ba na so shi ne ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a soket don ta maimaita sigina. Irin ta gama-gari tana cinye kusan rabin gudun.

Yayana ma bai sayi sabon abu ba sai wayar intanet da za a ja. Akwai tsohuwar rauta ƙirar TP-Link a durowarsa, muka juya ta ta koma akses foyin, muka ɗaure ta a barandar sama, muka sa mata suna da lambar sirri irin na ta ƙasa.