Malam Na-Iya da Ƙoƙunan Hedifon

Malam Na-Iya ya shiga wurin aikin Baba Kafinta sanye da hedifon a kai, wuyansa ya karkata hagu.

Kafinta: Malam, lafiya kuwa kake kallon duniya a karkace?

Na-Iya: Lafiya lau, Baba. Ƙoƙunan roba da kamfani ya sa wa hedifon ɗina na cire, na sassaƙa masa na katako da hannuna, tunda kamfani irin Grado ma da katako yake yi wa wasu masu tsada cikin nasa sutura.

Kafinta: Miƙo in gani. To, ai na hagun nan kanya ce, na daman kuma maɗaci, kuma kanya ta fi maɗaci nauyi, shi ya sa wuyanka ya bi ta. Ga shi kuma ɗaya ya fi ɗaya zurfi.

Na-Iya: Da gangan na yi, domin kowane kunne ya sami nasa rabon.

Kafinta: Malam, iskar da ke kulle a bayan 'yar lasifikar nan mai faɗin milimita 40 tana da hannu a kaurin sauti, saboda haka idan ƙoƙo ɗaya ya fi ɗaya ɗaukar iska, kunnen hagu zai ji kiɗa dabam, na dama ya ji dabam. Masu wannan aiki a kan injin juya katako suke fafe ƙoƙunan, suna yi suna aunawa, har su zo daidai a zurfi da kaurin bango. Kai da me ka fafe naka?

Na-Iya: Da kurfi, sai kuma ido, wanda ya fi kowane ma'auni.

Kafinta: Wannan tsagar da ta taso daga baki har gindi fa, ita ma idon ne ya auna ta?

Na-Iya: Wannan ai fasaha ce, Baba. Ba ka taɓa jin labarin hedifon mai buɗaɗɗen baya ba, wanda ake barin iska ta riƙa shiga tana fita?

Kafinta: Na ji, amma shi raga ake sa masa a ƙoƙunan biyu, kuma an ƙera lasifikarsa ne don ta yi aiki a haka. Naka ɗanyen itace ne ya bushe ya dare. Katakon da zai zauna cikin ɗaki ana so damshinsa ya sauka zuwa kashi 6 ko 8 cikin 100, kuma idan iska ce za ta busar da shi, mu kafintoci mukan ba kowane inci ɗaya na kaurinsa kimanin shekara guda. Naka yaushe aka sare shi?

Na-Iya: Ganyensa bai gama yaushi ba na fara aiki, domin ni ba na son jinkiri.

Kafinta: Me kuma nake hangowa ta cikin tsagar, mai ratsin ja da fari?

Na-Iya: Safata ce. An ce a sa auduga ko soso kaɗan a ciki don kada sauti ya riƙa dukan katako yana dawowa, ni kuwa na ga abin da kaɗan zai yi, da yawa ya fi shi iyawa. Sanya ka ji da kunnenka, Baba.

Baba Kafinta ya sanya, ya yi shiru na ɗan lokaci yana yamutsa fuska.

Kafinta: Mawaƙin nan ya rasa wurin tsayawa a cikin kaina, gangar kuma ta zama gwangwani. Ka juya wayoyin ɓangare ɗaya lokacin da kake like su da dalma, shi ya sa lasifika ɗaya take turawa, ɗayar tana ja. Bari in cire mu gyara... Malam, me ya sa na ji abu mai danƙo yana bin bayan kunnena?

Na-Iya: Kada ka motsa, Baba, don Allah! Gam ne na shafa ɗazu a bakin ƙoƙunan, kuma ba ni da abin matse katako a gida, nawa wuyan kuma ya gaji. Na duba duk cikin waɗanda na sani, ban ga kan da ya kai naka faɗi ba.

Kafinta: Zuwa yaushe ke nan?

Na-Iya: A jikin kwalbar an rubuta awa 24, amma tunda kai gwani ne, na san ba za ka so a yi aikin gaggawa ba.