"Kwanansa ne ya ƙare", na sani, amma ku bar ni in yi magana

Wata uku ke nan ina bin motar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya ta gaggawa, a matsayin ɗalibi a nan Makka. Daren Talatar da ta wuce mutum na farko ya cika a hannuna, kuma har yau ban ci abincin kirki ba.

Kira ne ya shigo daga wani lungu a Hindawiyya, irin wanda mota ba ta shiga, sai da muka sauka muka ɗauki jaka a ƙafa. Dattijo ne, ɗan'uwanmu Bahaushe, a kwance a tsakar ɗaki, carbi na naɗe a wuyan hannunsa. A makaranta an koya mana yadda ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya a jikin mutum-mutumin roba: danna ƙirji sau 30, numfashi sau 2, gudun dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfi kamar santimita 5 zuwa 6, a canji juna duk bayan minti 2. An kuma faɗa mana haƙarƙari na iya karyewa. Amma jin labari daban, jin ƙas a ƙarƙashin tafinka daban. Na'urar duba bugun zuciya ta nuna layi a miƙe, irin wanda ba a buga masa lantarki. Muka ci gaba har asibiti, a nan likita ya ce a dakata.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matarsa. Ta ji na ce "Inna, a ɗan ba mu wuri" da Hausa, sai ta riƙe mini riga ta ce, "Ashe ɗan gida ne. Ɗana, ka taimaka masa." Wallahi gara a ce ba ta gane ni ba.

Da muka dawo mota, babbanmu ya dafa kafaɗata ya ce za ka saba, ya miƙo mini safar hannu sabuwa. Da na koma gida Umma ta ce kwanansa ne ya ƙare, in bar wahalar da kaina. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma ni ban taɓa ja da ƙaddara ba. Sai dai mun mayar da wannan magana murfin tukunya. Da zarar ɗalibi ya buɗe baki zai tambaya, ko na yi jinkiri, ko hannuna ya kauce, sai a rufe shi da ita, ya tafi da tambayarsa ya kwana da ita shi kaɗai. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, wa ya fi shi tawakkali?

Ni a ganina minti goma kawai ake bukata. A zauna bayan aiki, ko a gefen mota ne da kofin shayi, babba ya bi da ƙarami abin da ya faru daki-daki: nan ka yi daidai, nan ka gyara, wannan kuma ko likitoci goma ne ba za su iya ba. A Hajjin 2024 hukuma ta ce alhazai 1,301 ne suka rasu, zafi ya wuce digiri 51 a Harami. Nakan tuna waɗanda suka yi ta ɗaukarsu a Mina da Arfa, in ce ko wa ya zauna da su daga baya.

Washegarin rasuwar dattijon na je Harami sallar La'asar. Bayan sallama ladan ya yi kiran sallar gawa kamar kullum. Tun ina yaro nake jin wannan kira, ban taɓa tambayar su wane ne a cikin makarar ba. Ranar nan na tsaya har aka fito da su, ina ta kallo ko zan gane nasa.