Samarin baƙaƙen fata a Amurka, tsakanin coci da asibiti

A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi hasashen cewa in abubuwa suka ci gaba a haka, cikin kowane baƙaƙen fata biyu masu neman maza 'yan'uwansu, har da masu neman maza da mata duka, ɗaya zai kamu da HIV a rayuwarsa. Fararen fata masu irin wannan neman kuma ɗaya cikin 11. Wallahi duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na san wani zai ce ai halinsu ne ya jawo musu, to bincike bai nuna haka ba, samarin nan ba su fi fararen fata ganganci ba, abin da ya fi cin su shi ne talauci, rashin inshorar lafiya, nisa da asibiti, da kuma cewa cutar ta riga ta yi yawa a cikin 'yan mutanen da suke hulɗa da su.

Amma ni coci nake so mu duba. Baƙin Amurka mutane ne masu riƙo da addini sosai, musamman a kudu, su Jojiya da Misisipi da Alabama, inda kuma cutar ta fi ƙamari. Yaron nan a coci ya tashi, kakarsa ce take ja masa hannu ranar Lahadi, shi ne mai kaɗa piyano ko jagoran mawaƙa, kowa na yabon muryarsa, ana gama waƙa fasto ya hau mumbari ya yi ta tsine wa irinsa, shi kuma yana zaune a layin gaba ya sunkuyar da kai. Yanzu wannan yaron kake so gobe Litinin ya shiga asibitin unguwa ya ce a yi masa gwaji, bayan nas ɗin da za ta ɗebi jininsa 'yar cocinsu ce kuma ƙawar mamarsa? Ba zai je ba, zai yi ta addu'a yana ɓoyewa har sai ciwo ya kwantar da shi. Ga kuma tsohon tabo, gwajin Tuskegee da aka yi daga 1932 zuwa 1972, inda aka bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare da su, har yau akwai masu jin tsoron likita saboda shi.

Ba wai imanin ne matsalar ba fa. Da yawansu imanin ne ya hana su faɗawa shaye-shaye, shi ya riƙe su lokacin da gida suka juya musu baya. Kunya da tsoron tonon asiri su ne suke kashe mutane.

Kuma akwai waɗanda suka gane tun da wuri. Wata mata mai suna Pernessa Seele ta fara makon addu'a kan cutar kanjamau a unguwar Harlem ta birnin New York a 1989, daga nan ƙungiyar Balm in Gilead ta taso tana koya wa coci-coci yadda za su yi maganar cutar. Wani fasto mai suna Carl Bean ya kafa nasa cocin a Los Angeles a 1982 don waɗanda aka kora daga nasu.

Ni ban ce fasto ya canza aƙidarsa ba, wannan tsakaninsa da littafinsa ne. Amma tun 2012 aka amince da PrEP, ƙwayar maganin da take hana kamuwa da HIV, yanzu har allura akwai, kuma wanda ya kamu in yana shan magani har cutar ta daina nunawa a jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Duk da haka baƙaƙen fata suna baya sosai wajen samun PrEP ɗin. Cocin da ke auna wa tsofaffi hawan jini da suga bayan ibada, me zai hana ya ajiye teburin gwajin HIV a gefe, faston ya fara miƙa nasa yatsan a gaban kowa, yadda saurayin nan zai shiga layi ba tare da an bi shi da ido ba?