Wani kunnen ƙashin ciwo ne

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da shi.

A ƙauyenmu da ke gefen Ringim, in kunnen mutum ya yi ƙara sai a ce ana ambatonsa ne a wani gari. Innarmu ta fi wata biyu tana cewa kunnenta na dama yana bugawa dum-dum, daidai da bugun zuciyarta, musamman in dare ya tsala. Mu kuma sai mu ce, "Inna, jikokinki na Kano ne ke kewarki." Sai da jiri ya kayar da ita a gaban murhu muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta ɗago ta ce, "Mama, jininki ya hau ƙwarai." Ashe kunnen ya jima yana kai ƙara, mu ne ba mu saurara ba. Ba kowace ƙarar kunne ce hawan jini ba, na sani. Ƙarancin jini yana kawo ta, kwinin ma haka, allurar gentamicin kuwa, ta kashe ƙwayoyin cuta, in aka yi ta barkatai tana iya kurmanta mutum har abada.

Amma na yara ya fi ƙona mini rai. Akwai siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, ta nan mura ke haurawa, mugunya ta taru har dodon kunne ya huje. Sai ka ga yaro ƙuda na bin kunnensa shekara guda, an ɗiga man shanu, an ɗiga ruwan albasa, an sosa da gashin kaza, an toshe da auduga. Jinsa yana raguwa a hankali, babu wanda ya lura. Uwa ta kira sau uku bai waiwayo ba, malam ya biya masa allo bai kama ba, sai bulala. A ce masa mai kunnen ƙashi. Wallahi wani yaron bai ji ba ne!

Ƙyanda da sanƙarau ma suna barin kurumta. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 a Kano sun san yaran da suka tashi daga jinya ba sa ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da ake iya hanawa, kuma rigakafi na cikin hanyoyin.

Iyaye mata, don Allah, yau da daddare in gida ya yi tsit, ki tsaya bayan wannan yaron da kike cewa ba ya jin magana, inda ba zai ga bakinki ba, ki kira sunansa ƙasa-ƙasa. In bai juyo ba, ki ajiye bulalar, gobe ki kai shi a haska kunnen.