Manchester United: An bar jaki ana dukan taiki

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da attajirin nan Sir Jim Ratcliffe ya kammala sayen kashi 27.7 cikin ɗari na hannun jarin Manchester United, kuma iyalan Glazer, masu rinjayen hannun jarin ƙungiyar, suka miƙa masa ragamar harkokin ƙwallo, babu maganar da masu sharhi suka fi nanatawa kamar ta sauya ɗabi'ar aiki a ƙungiyar. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da wannan magana mayafin rufe kowane irin mataki, har ta kai ga an soke abincin rana da ake ba ma'aikata kyauta a Old Trafford, wasu kuma suka tafa, suna cewa ai haka ake gyara.

A 2024 an sallami ma'aikata kusan 250, sannan a watan Fabrairun 2025 aka sanar da shirin rage wasu da za su iya kaiwa 200. An hana yin aiki daga gida. An kawo ƙarshen kwantiragin jakadancin Sir Alex Ferguson, mutumin da ya ci wa ƙungiyar kofin Firimiya 13. A tsakiyar kakar 2024/25 kuma aka mayar da kuɗin tikitin da ya rage fam 66, ba rangwame ga yara ko tsofaffi. In ban da Ferguson, duk wanda wannan wuƙa ta yanka, babu ko ɗaya da ya taɓa sayen ɗan wasa a kan farashin da ya fi ƙarfinsa, babu kuma wanda ya taɓa zaɓen koci.

To, su masu zaɓen kocin fa? A watan Mayun 2024 Erik ten Hag ya doke Manchester City ya ɗauki kofin FA, bayan ƙungiyar ta ƙare a mataki na takwas a Firimiya. Sabbin shugabannin suka ɗauki makonni suna jan ƙafa, duniya ta san suna tattaunawa da wasu masu horaswa, daga ƙarshe suka tsawaita masa kwantiragi a watan Yuli, suka saya masa 'yan wasa na kusan fam miliyan 200, suka kuma kore shi a ranar 28 ga Oktoba. Dan Ashworth, wanda aka shafe watanni ana ja-in-ja da Newcastle kafin a ɗauko shi a matsayin daraktan wasanni, wata biyar kacal ya yi aka raba gari da shi a Disamba. Sallamar Ten Hag da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4, ta Ashworth kuma fam miliyan 4.1, kamar yadda bayanan kuɗin ƙungiyar suka nuna. Sai mai karatu ya lissafa kwanon abinci nawa za a hana ma'aikata kafin a mayar da fam miliyan 14.5.

Masu kare wannan tsari suna cewa ƙungiyar ta yi asarar fam miliyan 113 a kakar 2023/24, saboda haka tsuke bakin aljihu ya zama dole. Ba wanda ya musa asarar, amma ba masu dafa abinci da masu sayar da tikiti ne suka ɗora wa ƙungiyar bashin da iyalan Glazer suka saye ta da shi a 2005 ba.

Ɗabi'ar aiki a ƙungiyar ƙwallo tana bayyana ne a ranar da aka yi kuskure, domin a ranar ce kowa, daga mai gadi har zuwa kyaftin, yake zuba ido ya ga a kan wa hukunci zai sauka. Idan ƙaramin ma'aikaci ya ga an yi kuskure a sama amma shi aka kora, darasin da zai ɗauka shi ne ya yi shiru ya kare abincinsa. Ɗan wasa kuwa, idan ya lura cewa koci ba ya wuce shekara uku, sai ya fahimci cewa haƙuri kawai zai yi har wannan ma ya tafi. Wannan cuta ce ta kama United tun da Ferguson da shugaban gudanarwa David Gill suka bar aiki a lokaci guda a 2013, kuma ba a warkar da ita ta hanyar tsoratar da mutanen da ba su da bakin magana. An ɗauko koci Ruben Amorim daga Sporting a tsakiyar kaka, aka haɗa shi da 'yan wasan da aka saya domin wani salon daban, ƙungiyar ta ƙare a mataki na 15 a 2025, Tottenham kuma ta doke ta da ci ɗaya a wasan ƙarshe na gasar Europa a Bilbao.

Ana yawan kafa hujja da Arsenal, a ce ai Mikel Arteta ma da tsauri ya gyara gida. Masu wannan magana sun manta a kan wa tsaurin ya sauka. Mesut Ozil ne, wanda ya fi kowa albashi, aka ajiye a gefe, Pierre-Emerick Aubameyang kuma aka karɓe kyaftin daga hannunsa a Disambar 2021 saboda saɓa doka. A lokaci guda shugabannin ƙungiyar sun jure wa ƙarewa a mataki na takwas sau biyu a jere ba su kori kocin ba, wato hukunci ya hau kan manya, wanda aka ba amana kuma aka tsaya a bayansa. A Brighton, koci Graham Potter ya tafi Chelsea a Satumbar 2022, amma ƙungiyar ta ƙare kakar a mataki na shida, domin tsarin da mai ƙungiyar, Tony Bloom, ya kafa bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba.

Idan da gaske ake son gyara, sai a fito fili a faɗi wanda ke da alhakin kowane koci da kowane ɗan wasa da aka sayo, a kuma bar shi ya ɗauki sakamakon zaɓinsa. Amma shugabancin da ya sanar da shirin gina filin wasa mai ɗaukar mutum 100,000 a watan Maris na 2025, makonni kaɗan bayan ya shaida wa ma'aikatansa cewa ba shi da halin ciyar da su da rana, bai kamata ya yi mamaki ba idan suka daina yarda da abin da yake faɗa musu.