Motar da ke da tsabta rana ɗaya a shekara

Duk wanda ya fara ƙara wa motarsa ƙarfi, ko ya taɓa turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa injin ƙarin iska, ko ya sa aka sake rubuta lissafin kwamfutarta, ba ya daɗewa sai ya iso inda kowa ke isowa, wato matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira katalis. Gwangwani ce da ke kan bututun salansa, kusa da injin. Cikinta kamar saƙar zuma yake, tangaran ne mai ƙananan ramuka 400 zuwa 600 ko fiye a kowane inci murabba'i, an shafe bangon ramukan da filatinam da faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa, waɗannan ƙarafa kan juya kabon monoksaid da ragowar fetur da bai ƙone ba su koma ruwa da kabon dayoksaid, su kuma warware naitirojin oksaid. Mai lafiya tana rage gubar da fiye da kashi 90 cikin ɗari, amma fa sai ta yi zafi, wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Celsius, kafin ta fara aiki.

Mai son gudu kuwa a idonsa toshiya ce kawai. Turbo yana son hayaƙi ya fice ba tare da tsaiko ba, shi ya sa ake cire bututun farko na kamfani a sa mai faɗi, ko dai babu matata sam, ko kuma da 'yar kasuwa mai ramuka 200 ko 100. Ramuka sun yi girma, iska ta sami hanya, sai dai bangon da hayaƙin zai goga ya ragu. Ga kuma batun ƙarafan. A 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 a kan oza ɗaya. Idan ka ga matata tana araha, to ka san inda aka yi tsimin.

Na zauna a Ingila kafin na dawo Kalifoniya, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wurare biyu masu manufa ɗaya suke yi wa mota tambayoyi daban. Ingila tana tambaya: me ke fitowa daga salansarki yau? Kalifoniya tana tambaya: me aka ɗaura miki, kuma wa ya yarda da shi?

A Ingila gwajin lafiyar mota da ake kira MOT yana farawa idan mota ta cika shekara uku, daga nan kuma duk shekara. Ana zura ma'auni a bakin salansa, a taka totur har injin ya kai juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti. Kabon monoksaid kada ya wuce kashi 0.2 cikin ɗari, ragowar fetur kada ya wuce 200 cikin miliyan, ma'aunin cakuɗar iska da mai kuma ya tsaya tsakanin 0.97 da 1.03. Mai gwajin zai leƙa ya ga akwai matata a inda ya kamata, ya tabbatar fitilar injin ba ta kunne. Da gani tsari ne na adalci, tunda ba ruwansa da wanda ya ƙera kayanka, hayaƙinka shi zai yanke maka hukunci. Ni ma haka nake so doka ta kasance a yawancin al'amura.

To amma duba yanayin da ake awon. Mota a tsaye take, ba ta jan komai, injin ya riga ya yi zafi. Ba a auna naitirojin oksaid ko kaɗan, alhali shi ne ke yawaita idan injin yana aiki tuƙuru. Ba a kuma auna mintunan farko bayan an tayar da mota da sanyin safiya, lokacin da motar zamani ke zubar da babban kaso na gubarta. Masu matatar ramuka 200 sun san wannan sarai. Shawarar da suke ba juna ba ɓoyayyiya ba ce: ka hau babban titi ka gasa motar sosai, ka shiga gareji kada ka kashe ta. Matata mai rauni idan ta yi zafi ƙwarai takan lallaɓa ta tsallake. An ci gwaji, an karɓi takarda, gobe da safe kuma maƙwabta su sha warin fetur. Akwai dokar da ta ce motar da aka yi wa rajista daga Maris 2001 sai an sa mata matatar da hukuma ta tantance, amma kayan suna nan a kasuwa da 'yar rubutun nan ta "don filin tsere kawai", kowa kuma ya san a kan titin unguwa za su ƙare.

Kalifoniya ta ɗanɗani hazon hayaƙin motoci tun da daɗewa. Tun shekarun 1940 Los Anjalas ke fama da shi, har sai da masanin nan Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hasken rana ne ke dafa hayaƙin motoci ya zama abin da ke sa ido hawaye. An kafa CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, a 1967, gwajin hayaƙi na bayan shekara biyu-biyu ya fara a 1984. Abin mamakin shi ne, motar fetur ƙirar 2000 zuwa sama ba a ma zura mata ma'auni a salansa. Ana jona na'ura a kwamfutarta a tambaye ta abin da ta gani. Tun 1996 kowace sabuwar motar fetur a Amurka tana da sensa, wato 'yar na'urar auna hayaƙi, kafin matata da bayanta, kwamfutar tana kwatanta su, idan matatar ta gaza sai ta kunna fitila ta ajiye lambar nan da duk mai wannan harka ya haddace, P0420. Sannan mai gwajin ya shiga ƙarƙashin mota da tocila. Idan matatar ba ta kamfani ba ce, dole ya ga lambar izinin CARB a buge a jikinta, kuma lambar ta dace da irin injin da ke motar. Ko da hayaƙinka ya fi na sabuwar mota tsabta, babu lamba, ka faɗi.

Wannan shi ne abin da ke ƙona wa masu gyaran mota rai, kuma na fahimce su. Amma da na duba me lambar take nufi sai na goyi bayan Kalifoniya. Lambar shaida ce cewa an gwada irin wannan matatar a ɗakin gwaji, a kan mota mai jan nauyi, tun daga tashi cikin sanyi, bayan an tsufar da ita da gangan, kuma mai ƙera ta ya ɗauki lamunin shekara 5 ko mil 50,000. Gareji na bakin titi ba shi da kayan da zai yi wannan awon cikin minti ashirin. Maimakon a yi awon rabi-da-rabi ga kowace mota, sai aka yi cikakke sau ɗaya ga kowane irin kaya, aka bar wa gareji aikin tabbatar da cewa kayan ne a jiki.

Dabarun kauce wa kwamfuta kuwa sun daɗe. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa ya janye sensa ta biyu daga tsakiyar hayaƙi don ta riƙa ba da rahoton ƙarya. Akwai masu rubuta wa kwamfutar cewa ta daina duba matatar baki ɗaya. Daga Yuli 2021 Kalifoniya ta fara duba lambobin manhajar da ke cikin kwamfutar, idan ba ta kamfani ba ce ko wadda CARB ta amince da ita, mota ta faɗi. Kafin wani ya ce ai ƙananan mutane ake matsa wa, mu tuna Volkswagen a 2015, da aka kama motocinta na dizal suna gane cewa ana gwada su sai su natsu, a kan titi kuma su zubar da naitirojin oksaid har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 a duniya. Abin da yaro ke yi da ɗan ƙarfensa a ƙarƙashin mota, shi suka yi da injiniyoyi.

Ba wai Kalifoniya ta toshe ko'ina ba. Sabuwar mota ba ta shiga gwajin shekara biyu-biyu sai ta wuce shekara takwas, kuma waɗannan su ne shekarun da ake yi wa motocin gudu fiɗa. Idan lokaci ya zo, mutum ya ɗauko bututun kamfani da ya ajiye a gareji, ya mayar, ya mayar da manhajar asali, ya yi 'yan kwanaki yana yawo har kwamfutar ta gama duba kanta, ya ci gwaji, ya sake kwancewa. Bambancin kawai shi ne a Ingila yaudarar ba ta wuce gudun rabin awa a babban titi, a nan kuwa sai ka sha wahalar bakanike sau biyu, kana kuma fargabar ɗan sanda ya tsayar da kai ya tura ka wurin alƙalin gwaji na jiha. Wahalar kan sa da yawa su haƙura. A jihohi irin su Fulorida, da ta daina gwajin tun 2000, babu ma mai leƙawa, duk da cewa dokar tarayya ta hana cire matata a ko'ina cikin Amurka.

Hujjar da na fi ji ita ce "motata guda ɗaya me za ta ƙara?" Lissafin ba shi da wuya. Idan matata tana cire kashi 90, wanda ya cire ta ya zama mota goma shi kaɗai. Idan tana cire kashi 98, ya zama mota hamsin. Ribar da ya samu kuma, a injin da ba shi da turbo, sau da yawa ba ta wuce 'yan dawakai na ƙarfin inji da ƙarar da ke tada jariran mutane ba.

Inda nake ganin Kalifoniya ta gaza shi ne ba ta buɗe wa mai son ƙarfi ƙofar halas yadda ya kamata ba, kuma a nan Jamus ta fi ta. Jamusawa ba su da sassauci: idan gyaranka ya ƙara hayaƙi, izinin hawa titi na motar ya mutu nan take, kuma tun 2018 suka dawo da awon bakin salansa ga kowace mota, a haɗa da karatun kwamfuta. Amma akwai kamfanoni irin su HJS da ke ƙera matatar ramuka 200 mai isasshen ƙarfe mai tsada a ciki, su kai ta a tantance, ta fito da tambarin amincewa. Tana da tsada ƙwarai, amma mai kuɗin da ya sayi motar gudu zai iya saye, ya je wurin masu gwajin mota na TÜV ko DEKRA da takardarsa ba gabansa na faɗuwa. A Kalifoniya ƙa'idar ita ce ba a cire matatar da ke da lafiya ko da da wata mai lamba za a maye ta, don haka mai son yin abin a kan tsari sau da yawa ba shi da inda zai bi.

Wanda tsarin ya fi cuta ma ba mai motar gudu ba ne. Mai tsohuwar mota ne da ɓarayi suka yanke wa matata cikin dare, ya je ya tarar wadda ke da lambar CARB ta ninka ta sauran jihohi tsada, ko ma babu wadda aka tantance wa irin motarsa sai ta kamfani, ga shi kuma an hana sayar da ta hannu. Wani lokaci kuɗin gyaran ya kusa kuɗin motar. Shi bai taɓa neman ƙarin doki ko ɗaya ba.

Da ni za a tambaya, sai a riƙe tantance kaya irin na Kalifoniya, a sauƙaƙa hanyar samun lamba don matatun su yawaita farashi ya sauko, a bar mai son ƙarfi ya saya da takarda kamar a Jamus. Sannan a ƙara abin da Kolorado ke yi a yankin Denba, inda ake ajiye na'ura a gefen hanyar shiga babban titi tana auna hayaƙin motoci suna wucewa tana ɗaukar lambarsu. Su suna amfani da ita ne don yafe wa motoci masu tsabta zuwa gwaji. Na'urar da ta iya gane mai tsabta za ta iya gane wanda bututunsa na kamfani ke rataye a bangon gareji yana jiran ranar gwaji.