Mugun kare daban, karen gadi daban

Jama'a, akwai wani abu da ya shigo mana Kano a 'yan shekarun nan wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba, saboda maganar kare ce, mu kuwa da an ambaci kare sai kowa ya yatsina fuska. Amma ku zaga Nasarawa GRA, Bompai, Hotoro, Janbulo ko Rijiyar Zaki bayan isha'i ku kasa kunne. Gida biyu, gida uku, sai haushi. Rashin tsaro ya sa mutanen da ko a mafarki ba su zaci za su ajiye kare ba yau sun ajiye, wasu ma na ƙasashen waje masu tsadar gaske. Ajiyewar muka koya, horarwar ce ba mu koya ba.

Ga abin da yawancinmu ke kira horo. A sayo ɗan kwikwiyo, a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida ko a rufe shi a keji mai rufin kwano, a hana kowa raɓarsa sai mai zuba masa abinci, wai kada ya saba da mutane. Yaro ya zo wucewa a cuna masa shi ana dariya. Wani ya riƙa zabga masa dorina don zuciyarsa ta bushe, wani har barkono yake barbaɗa masa a abinci. Kafin shekara kare ya zama dodo, maigida kuma yana ta alfahari a majalisa: "Ai karen nan ko ni sai da dabara nake shiga wurinsa." Ka ji fa. Ka cire kuɗinka ka kawo wa iyalinka abin da kai kanka kake tsoro.

Kuma wa irin wannan karen yake cizo? Ɓarawo da shirinsa yake zuwa, ya daɗe da sanin inda karen yake kwana. Wanda ke shan cizon shi ne almajirin da ya leƙo da ƙoƙonsa, da yarinya mai tallar gyaɗa, da mai wanki da guga, da ɗan maƙwabcin da ƙwallonsa ta faɗo. A layinmu, wata safiya, ɗan garuwa ya turo kurarsa gidan wani Alhaji, maigadi ya buɗe masa get bai lura ba a mayar da karen keji ba. Karen bai ko yi haushi ba, kai tsaye ya kama shi a ƙwauri. Jarkoki suka kife, ruwa ya malale, maigadi yana ta "Kai! Kai! Taiga! Taiga!" kare ko waiwaye. Alhajin ya fito da jallabiya yana kiran sunan, shi ma kamar da bango yake magana. Sai da aka sa taɓarya. Da aka zauna gaban mai unguwa, Alhaji ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, horarre ne, kuɗi na biya aka horar da shi." Mai unguwa ya dube shi ya ce, "To Alhaji, da ka kira shi me ya hana shi saki?"

Tambayar nan tsohuwa ce a wajen malamanmu. A Suratul Ma'ida aya ta 4 Allah ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka koyar suka kamo mana. Da malaman fiƙihu suka zo bayanin wane ne koyayyen kare, sai suka ce shi ne wanda idan an tura shi ya tafi, idan an tsawatar masa ya tsaya. Mu rabin farko kawai muka riƙe. Tura kare ya kai hari ba gwaninta ba ce, kowane kare da aka azabtar zai yi. Gwanintar tana wajen dakatar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan farauta sun fito da rani ya ga haka: karnuka ramammu, ba mai tsada ko ɗaya, suna ratsa jama'a da awaki ba ruwansu da kowa, fito ɗaya ubangidansu zai yi su juyo. Ban ce duk abin da 'yan farauta ke yi abin koyi ba ne, amma a wannan fannin sun fi masu katanga da wayar lantarki.

Na san masu jira su ce min ajiye kare ma haramun ne, me ya kai ni. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum ingantacce ne, kuma ya togace karen farauta da na kiwo da na gona. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan buƙata ta kama. Masu sharhin Risala suna kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa matsayin Imam Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Sai dai hadisin mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare yana nan, shi ya sa namu karen ba irin na Turawa ba ne da ke hawa kujera. Wannan kuwa ƙarin aiki ne a kanmu. Karen gidan Bahaushe dole ya san falo ba wurinsa ba ne, ya san darduma, ya san buta da randa, ya san ba a dafa mutumin da ya ci ado da shaddarsa zai tafi masallacin Juma'a. Sarƙa ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar kwikwiyo wajen uwarsa har ya kai mako 8, domin a wurinta da 'yan uwansa yake koyon rage ƙarfin cizo. Daga nan zuwa kamar mako 14 akwai ɗan lokacin da duk abin da ya gani cikin kwanciyar hankali zai ɗauke shi abin yau da kullum har tsufansa. Mu kuma daidai wannan lokacin muke kulle shi a duhu. A makonnin nan ya kamata ya ji ƙarar janareto da ta adaidaita sahu, ya ga mace cikin hijabi har ƙasa, ya ga dattijo da babbar riga da sanda, ya ga yara suna guje-guje, ya ga kaji da tunkiya. In ba haka ba, ranar da aka ɗaure ragon layya a tsakar gida za a yi abin kallo. Tun da rigakafinsa bai cika ba, a yi duk wannan a cikin gida, kada a kai shi inda karnukan layi ke yawo.

Za a ce idan ya saba da kowa ai ba zai yi gadi ba. Ba haka abin yake ba. Kare yana tsare wurin da ya ɗauka nasa ne, ba sai an koya masa ba. Wanda ya san yadda baƙon kirki yake shigowa ta ƙofa da rana, ana amsa masa sallama, shi ne zai gane cewa wanda ya dirgo ta katanga ƙarfe biyun dare ba daidai yake ba. Wanda bai san kowa ba, kowa ɓarawo ne a wajensa, har da surukarka.

Koyarwar kanta ba ta buƙatar wani ƙwararre daga Legas. Nawa karen na gida ne, ja, irin wanda ake bayarwa kyauta. Da na dawo daga sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, sai in yanka soyayyar hanta ko busasshen kifi ƙanana-ƙanana in zuba a aljihu. In ɗaga ɗaya a saman hancinsa in ja baya kaɗan, kansa ya bi hannuna, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. A daidai lokacin in ce "zauna" in ba shi. Minti biyar ya isa, fiye da haka hankalinsa ya tafi. Haka aka bi aka koyi "zo", "tsaya", "bari" da "koma". Da Hausa, ina ƙara faɗa, da Hausa. Ban san wanda ya gaya wa mutanenmu kare Turanci yake ji ba. Sauti yake riƙewa, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne kowa a gidan ya yi amfani da kalma ɗaya. Idan maigida na cewa "koma", uwargida na cewa "tafi can", yara na cewa "fita", maigadi na jifa da takalmi, kada a ga laifin kare.

Sirrin duka yana cikin lokaci. Kare yana haɗa lada ko tsawa da abin da ya yi a daƙiƙa ɗaya zuwa biyu da suka wuce, ba da abin da ya yi da hantsi ba. Ka dawo daga kasuwa da magariba ka tarar ya yi kashi a ƙofar kicin, ka jawo shi ka zane, abin da ya koya shi ne dawowarka masifa ce. Noƙe kai da yake yi ba nadama ba ce, tsoronka ne. Maganin kashi a ko'ina shi ne a kai shi kusurwa ɗaya da ya tashi daga barci da kuma bayan ya ci abinci, in ya yi a can a yaba masa. Mafi muni shi ne a kira kare, ya zo, sannan a doke shi. Wanda ya yi haka ya kashe kalmar "zo" da hannunsa, kuma ita ce kalmar da za ta ceci ɗan wani ranar da get ya buɗe.

Iyakar falo ma haka ake koya ta. Ka tsaya a bakin ƙofa, ya sako ƙafa ka tare shi da jikinka ka ce "koma", ya ja baya ka jefa masa lomarsa a waje, ba a ciki ba. A yi ta maimaitawa, kuma kada a samu wanda zai riƙa shigo da shi a ɓoye in ba ka nan. Takalma kuwa, gidajenmu kowace ƙofa tuli ne, shi kuma tsakanin wata 3 zuwa 6 yana famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi. A ba shi igiya mai kauri ya tauna, a ɗauke takalman baƙi na ɗan lokaci, zai wuce.

Haushin dare da ke hana layi barci yawanci gajiyar zaman banza ce. Dabbar da aka halitta don gudu an ɗaure ta yini guda a wuri ɗaya. A fita da shi da igiya da sassafe ya taka, a sake shi a harabar gida, za a ga bambanci. A nan ne nake tausayin karnukan waje. Irin karen da ake kira Caucasian daga duwatsu masu ƙanƙara ya fito, gashinsa na sanyi ne, mu kuma a Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, sai a sa shi ƙarƙashin kwano ba inuwa ba wadataccen ruwa. Wanda ake kira Boerboel, na Afirka ta Kudu, yakan wuce kilo 60, in bai san "tsaya" ba wa zai riƙe shi? Wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, bai kamata a tarar da haka a gidansa ba. Ragowar abinci kuma a kula, albasa tana lalata jininsa, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji.

Sai babbar magana, rigakafi. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Allurar kuwa ana yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, har cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana samar da ita a nan gida. Asibitin dabbobi zai yi masa, ya haɗa da sauran alluran ƙuruciya da maganin tsutsar ciki da na kaska, ya ba ka kati. Idan tsautsayi ya sa an ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa ba. Kada kuma a yi gaggawar kashe karen gida, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa.

Da zan samu kunnen masu unguwanninmu, da na roƙe su abu ɗaya: duk gidan da ke da kare a kawo katin rigakafi a gani sau ɗaya a shekara, ko da a ƙarshen Satumba ne, tun da ranar 28 ga watan ce ranar yaƙi da cutar ta duniya. In sun zo duba katin, su sa maigida ya saki karen a tsakar gida ya kira shi sau ɗaya a gabansu.